Idon Aro: Yadda Mai Zane Ke Neman Gyara

Tela yana da tef, birkila yana da igiya da ma'aunin ruwa, mai awo a kasuwa yana da mudu. Duk wanda shakka ta kama a cikinsu sai ya ɗauko abin awonsa ya kashe gardama. Mai zanen hoto kuwa babban ma'auninsa idonsa ne, kuma idon nan ne ke fara ha'intarsa. In mutum ya yini a sunkuye kan takarda ɗaya, kafin la'asar idonsa ya saba da duk karkatar da ke cikinta har ya daina ganinta. Ƙofar da ta jirkice sai ya gan ta tsaye cak, dokin da ƙafarsa ta baya ta fi ta gaba tsawo sai ya gan shi ingarma. Saboda haka duk mai zanen da ya daɗe a sana'ar yana da wanda yake kai wa aiki ya duba masa, ko da ba ya faɗa.

Masu zanen da nake nufi su ne waɗanda hotonsu ke yi wa magana hidima: masu zanen littattafan firamare, masu bangon littafi, masu zanen barkwanci a jarida, masu allon shago da na aski, da masu yi wa manyan motoci masu bodin katako ado da zaki da mikiya da masallaci mai hasumiya. Da littattafan soyayya da na yaƙi suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, bangon da yawa daga cikinsu zanen hannu ne: budurwa ta yi tagumi, saurayi ya jingina da mota, jarumi ya zare takobi a gaban dodo. Daga baya hotunan 'yan fim da kwamfuta suka ture fenti, injin buga bana kuma ya cinye kasuwar masu allo. Yau sai ka tarar da matashi da CorelDRAW ko Photoshop, wani ma da yatsa yake zane a fuskar waya, yana yi wa ƙungiyoyin lafiya hoton wanke hannu ko na rigakafi, ko yana yi wa marubuciya bangon littafin da a waya kaɗai za a karanta shi. Kayan aiki sun canja, amma kurakuran da ake gyara masa su ne dai waɗanda aka gyara wa mai gwangwanin fenti da buroshi. Akwai kuma waɗanda saboda maganar malamai kan zana mai rai suka tsaya ga gine-gine da itatuwa da rubutun ado. Su ma ba su tsira ba, don gini ya fi mutum saurin tona asirin wanda bai iya nisa da kusa ba.

Gyaran da ake nema iri biyu ne, kuma yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin yaro da maigida, ko tsakanin mai zane da mai ba da aiki, daga cakuɗa su yake tasowa. Akwai nisa da kusa, wato yadda takarda shimfiɗaɗɗiya za ta nuna zurfi, abin da ke nesa ya ƙanƙance daidai gwargwado. Wannan yana da ƙa'ida, ana aza masa rula a tabbatar. Akwai kuma tsari: me aka sa a ina, me ya fi me girma, ina idon mai kallo zai fara sauka. Wannan ba rula a cikinsa, sai dai kowa ya kawo hujjarsa.

In yaron shago ya kawo zanen layin kasuwa, rumfuna hagu da dama, mutane suna ciniki, gogaggen maigida ba ya farawa da cewa rumfar nan ta karkace. Tambaya yake yi: "Kai, a ina ka tsaya ka ga wannan? A tsaye kake, a zaune, ko kan soro ka hau?" Galibi yaron shiru yake yi, domin bai tsaya ko'ina ba. Rufin rumfar dama daga sama ya hango shi, teburin mai nama daga gefe, mai tallan goro kuma kamar daga cikin kwata ya leƙo ta. Kowane yanki shi kaɗai ba laifi, haɗuwarsu ce ta zama ƙarya.

Amsar tambayar maigida layi ɗaya ce, wanda ake ja a kwance daga wannan gefen takarda zuwa wancan, daidai tsayin idon mai kallo. Abin da ke saman layin ido ƙarƙashinsa ake gani, abin da ke ƙasa da shi bisansa ake gani. Layukan da a zahiri suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su taɓa haɗuwa ba, irin ƙarafan titin jirgin ƙasa, a takarda dole su taru a ɗigo ɗaya, kuma in ƙasar ba hawa ba gangara, ɗigon nan kan layin ido yake zama. Sai maigida ya ɗauki rula ya bi bakin rufin rumfa, ya bi gindinta, ya bi gefen kwata. In suka taru wuri guda, shi ke nan. In wannan ya nufi gabas wancan ya nufi sama, ba sai an yi dogon bayani ba, yaron da kansa zai fara murmushin kunya.

Mutane sun fi rumfa wuya, don ba su da gefen da za a aza wa rula. Amma su ma suna da hanya. In mai kallo a tsaye yake kan fili, kuma mutanen cikin hoton tsawonsu kusan ɗaya da nasa, kawunansu duka a kan layin ido suke jeruwa, na kusa da na nesa. Ƙafafu ne ke hawa sama a takarda yayin da mutum ke ƙara nisa. In kuwa a zaune yake kan tabarma, layin zai yanki kowa a wajen cinya, daga na gaban goshi har na ƙarshen layi. Wanda bai san wannan ba shi ne ke zana mai rake can nesa, in ka gwada shi da ƙofar da ke kusa da shi sai ka ga ya fi zaure tsawo, ko kuma ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, yana shawagi. Lissafin ba wuya: abin da nisansa ya ninka biyu, tsawonsa a takarda rabi yake komawa, wanda ya ninka uku kuma sulusi.

Sai abin da ya fi kama masu koyo, wato da'ira. Bakin bokiti, faifai, kwanon sha, duk in aka kalle su a karkace siffar ƙwai suke ɗauka, kuma yadda suka kusanci layin ido haka suke ƙara sirancewa. Mai koyo yakan buɗe bakin bokiti sosai kamar daga sama yake leƙawa, sannan ya ja gindinsa a miƙe kamar daga gefe yake kallo. Alhali gindin ne ya kamata ya fi lanƙwasa, tunda ya fi bakin nisa daga layin ido. Haka kuma in ana neman tsakiyar bangon da ya miƙe cikin hoto don a sa ƙofa, ba a auna shi da rula a raba biyu. Layi ake ja daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, inda suka gitta juna nan ne tsakiya, kuma kullum yakan ɗan matsa wajen nesa. Irin waɗannan gyare-gyare ba su da daɗin ji, amma suna da sauƙin karɓa, domin ba ra'ayin kowa ba ne.

Ƙa'idar tana da dogon asali. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa haske daga abubuwa yake tahowa zuwa ido, a miƙe. Ba don masu zane ya rubuta ba, amma da aka juya littafin zuwa Latin ya shiga hannun mutanen Italiya. Wajen 1420 wani magini a birnin Fulorans, Brunelleschi, ya zana wani gini na birnin a kan allo bisa lissafi, ya huda allon, ya sa mutum ya leƙa ta bayan hudar yana riƙe da madubi a gabansa. In ya ɗaga madubi ya ga zanen, in ya kawar ya ga ginin, sai ya gwada da idonsa ko sun yi daidai. Abin da ke burge ni a labarin shi ne, tun ranar farko ƙa'idar tare ta zo da hanyar da wani zai bi ya kama ka in ka yi kuskure. A 1435 wani ɗan Italiya mai suna Alberti ya rubuta ta a littafi. A Najeriya kuwa Aina Onabolu, wanda ya je Landan da Faris a farkon shekarun 1920 ya yi karatun zane, ya dawo ya koyar da ita a makarantun Legas da naci har aka yi masa laƙabi da sunan darasin.

To amma rula tana da iyaka, kuma mai gyaran da bai san iyakarta ba ɓarna yake yi. Ɗauki lungun tsohon birni, a Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram. Katangar ƙasa gindinta ya fi samanta kauri, ba ta miƙe sak ba, lungu yana lanƙwasa yana hawa yana sauka, zankwaye ba tsawonsu ɗaya ba, indararo kowanne da inda ya fuskanta. Wanda ya fito daga makaranta da zafin ƙa'ida, in ka ba shi irin wannan zane zai miƙe komai, ya mayar maka da unguwar kakanni rukunin gidajen bulo. A nan layin ido kaɗai ake riƙewa da girman mutane, sauran a bar wa ido, wanda ba mudu ba ne amma ya san kima.

Akwai ma zanen da tun farko bai yi alkawarin zurfi ba. Malamanmu sun san Muƙamar Hariri a matsayin littafin lugga, amma a Bagadaza a 1237 wani mai zane, Yahaya al-Wasiɗi, ya kwafe ta da hotuna: ayarin mahajjata, garken raƙuma, zaman ɗakin karatu. Ba ɗigon mahaɗa ko ɗaya a ciki, na nesa sai a ɗora shi saman na kusa, amma har yau ba wanda ya kalli raƙuman nan ya ce a gyara. Haka zayyanar Alƙur'ani, da dagi a fuskar soro, da aska takwas a gaban babbar riga: tsari ne tsantsa, nauyi a nan, sarari a can. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun koyi ƙa'idar Turawa tsaf, sannan suka ƙi yarda ita kaɗai ce hanya. Daga cikinsu aka sami masu zanen littafi na gaske: Okeke ya yi hotunan cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe, Onobrakpeya ya yi na An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi. Saboda haka kafin mai gyara ya zaro rula, ya kamata ya fara gane me hoton ya ce zai yi. In ya ce zai nuna ɗaki kamar kana tsaye a ƙofa, a kama shi da ƙa'ida. In bai ce ba, a ƙyale shi. Matsalar ita ce mai zanen da ya yi rabi da rabi, in aka nuna masa teburin da ya zame sai ya ce ai salonsa ke nan. Ana gane salo da cewa ya game hoton duka, kuma mai shi zai iya yin ɗayan in ya ga dama.

Gyaran tsari shi ne mai zafi, don a nan ne mutum yake jin an taɓa shi. Kuma a nan ne muke da ciwo na musamman, wato kara. Ka nuna wa aboki zane, ya ce "Masha Allah, kai, ya yi kyau." Ka nuna wa yayarka, ta ce Allah ya ƙara basira. Duk sun kyauta, kuma ba abin da ka ƙaru da shi. Laifin rabi na mai tambaya ne. Wanda ya ce "ya ka gani?" yabo ya roƙa, kuma shi za a ba shi. Masu wayo a sana'ar ba sa tambayar ko ya yi kyau. Sukan nuna hoton na ɗan lokaci kaɗan su kife, su ce, "Me ka fara gani?" In hoton na rigakafi ne, uwa da jariri da ma'aikaciyar lafiya, mutumin ya ce jan bokitin da ke gefe ya fara gani, an gama magana: ido wurin da haske da duhu suka fi karo yake zuwa, ko wurin launi mafi ƙarfi, ko fuska, kuma ka ba bokiti abin da ya kamata ka ba jariri. Tambaya ta biyu ita ce, "Me ke faruwa a nan?" Wannan tambayar, yaro ɗan firamare ya fi kowa iya amsa ta, don ba ya kara. In ya ce matar nan tana dukan jaririn ne, to komai kyan inuwar da ka sa, hoton ya faɗi.

Sauran laifuffukan tsari abokin sana'a ne ke ganinsu. Turken lantarki da ya tsiro daga tsakar kan ango. Gefen hula da ya taɓa gefen taga daidai wa daida, har ido ya rasa wanne ne gaba. Gara ɗaya ya rufe wani yanki na ɗayan ko su rabu sarai. Hannun da bakin takarda ya yanke a wuyan hannu, sai ka ce guntu ne. Mutum biyar da aka jera tsawo ɗaya, tazara ɗaya, kamar layin zaɓe. Jarumin da ke kallon wajen takarda, yana jan idon mai karatu ya fice tare da shi. Har alƙiblar rubutu tana da hannu a ciki: a littafin boko ido daga hagu yake shiga, don haka mai tafiya zuwa dama kamar gaba yake yi, a shafin ajami ko Larabci abin juyawa yake.

Ba kowa ake tambaya komai ba. In ka zana hawan salla, kai wa mai doki ya duba maka zaman sirdi da likkafa da linzami, da yadda mahayi ke dafe ƙafa. Zai ga abin da malamin zane ba zai taɓa gani ba. Amma in ya zarce ya ce a ƙara dawaki uku a cike sararin sama, sai ka yi godiya ka naɗe takardarka. Wanda ba mai zane ba kusan kullum yana da gaskiya in ya ce wuri kaza bai yi masa ba, kuma kusan kullum maganin da zai kawo ba shi ba ne. Marubuciya za ta ce, "Malam, a ƙara girman fuskarta." Sau da yawa fuskar ba ta yi ƙanƙanta ba, labulen bayanta ne ya cika ado har ya haɗiye ta. Ka dusashe labulen, ka mayar mata, sai ta ce yawwa, yanzu girman ya yi. Mai shago kuma ba ya ƙaunar sarari; kuɗinsa ya biya, yana son kowane taƙi na allon ya ɗauki kaya, shinkafa da taliya da lambar waya biyu. A nan sai mai zane ya ja shi tsallaken titi su kalli allon maƙwabci daga inda masu wucewa ke kallo. Masu zanen bayan mota sun fi kowa sanin wannan, don aikinsu daga nesa ake ganinsa, cikin ƙura, yana tafiya: abu ɗaya babba a tsakiya, launi mai ƙarfi, rubutu gajere.

Lokacin neman gyara ma sana'a ne. Mafi yawan masu koyo sai sun gama komai, sun sa launi sun sa hannu, sannan su kawo. A lokacin ba gyara suke nema ba, kuma in ka ce layin ido ya yi sama da yawa, ka ce a sake aikin mako guda ke nan. Tsari ana yanke shi ne tun hoton bai fi kwalin ashana ba: ƙananan zane huɗu ko biyar da fensir, baƙi da fari da toka-toka kawai, ba ido ba hanci. A wannan girman ake nuna wa maigida ko mai aiki, ya zaɓa, a yi musu a gama. Nisa da kusa kuma ana duba shi a zanen fensir babba, kafin tawada. Abin da ya rage bayan launi sai ƙananan taɓe-taɓe.

Mai gyara shi ma yana da ladabinsa. Ba a zana wa mutum a kan aikinsa. Takarda shara-shara ake ɗorawa a ja layukan gyara a kanta, a kwamfuta kuma a buɗe sabon shafi a bisa, don mai aikin ya ɗaga ya sauke ya ga bambancin da idonsa. Ba a yi wa yaro gyara a gaban mai ba da aiki. Ba a zubo laifi goma lokaci guda, a kama babba ɗaya, don sau da yawa in layin ido ya zauna, shida daga cikin sauran da kansu suke warkewa. Maigidan da na fi tausaya wa yaransa shi ne mai ƙwace buroshi ya ce "kawo nan", ya gyara cikin minti biyu ya miƙa. Allon ya fita lafiya, yaron kuma zai shekara yana maimaita kuskuren, don bai taɓa jin dalili ba.

In ba kowa a kusa, akwai dabarun mayar da idonka baƙo. Mafi tsufa ita ce madubi, wadda Alberti da mai zanen nan Leonardo duk suka yi wasiyya da ita: hoton da aka juya hagu ta koma dama, karkatarsa tsalle take yi ta fito. In ba madubi sai a ɗaga takardar a rana a kalle ta ta baya, a kwamfuta kuwa danna maɓalli ɗaya ne. Ana kife hoton ƙasa ta koma sama, don fuska ta daina zama fuska ta koma nauyi da sarari. Ana ƙanƙance ido har komai ya dushe, a ga ko babban abin yana nan a fili. Ana ɗaukarsa da waya a cire launi, don ja da kore da suke rabe a ido sukan zama toka iri ɗaya. Wanda ke zanen fili kuma hunturu ya ishe shi malami: ya dubi Dala ko Goron Dutse daga nesa ranar hazo, ya ga yadda nisa ke shanye launi da kaifin gefe, sannan ya koma ya dubi tsaunin da ya zana da baƙi ƙirin a bayan gari.

Mai duba na ƙarshe shi ne mai ɗab'i, kuma shi ba ruwansa da basira. Zai gaya maka wuƙar yanka za ta ci ɗan gefe, don haka kada ka sa kan mutum ko sunan marubuci dab da baki. Zai nuna maka cewa hoton da ya ratsa shafi biyu tsakiyarsa cikin ɗinki take nutsewa, kuma nan ka sa fuskar amarya. Shuɗin da ke walƙiya a fuskar kwamfuta a takarda mai arha dushewa yake, inuwa mai laushi ta taru ta zama baƙin tabo. Shi ya sa masu zanen da suka sha wuya ba sa yarda a buga dubu sai an fitar musu da gwaji ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, su fita da shi waje su duba a hasken rana.